Gwaggo da Taron Banɗaki

Kafin annoba, duk Talata Dogo mai aski yakan je asibitin masu barin shaye-shaye. Su zauna kan kujerun roba, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, a ba shi maganin mako ya dawo. A gida kuwa cewa yake kallon ƙwallo ya tafi. Gwaggonsa, wadda ta riƙe shi tun yana goye, ba ta taɓa tambayar wa ya ci ba.

Da aka kulle gari, asibiti ya ce kowa ya zauna gida. Taro ya koma ta waya, ana ganin juna, magani kuma na wata guda a leda. Gidan ɗaki biyu ne, Gwaggo kuwa ko allura ta faɗi sai ta ji. Sai Dogo ya shige banɗaki, ya kifa bokiti ya zauna, ya jingina wayar da kwanon sabulu.

Nas mai jan taron ta ce, "Dogo, ya muryarka ke amsa kuwwa?"

"Falon ne da girma, Sista."

Wani direba da ke cikin taron ya ce, "Falo da buta a bayanka?"

Gwaggo ta ji muryar mace. Ta banko ƙofa da tsintsiya a hannu. "Wace mara kunya ce ta biyo ka har nan?" Ta fizge wayar. Sai ta ga ƙarti a 'yan akwatuna a fuskar wayar, direban a kwance, wani yana tauna, wani hancinsa kaɗai ake gani.

Dogo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ƙyar ya ce, "Gwaggo, ƙwaya nake ƙoƙarin bari."

"Yo wa ke wanke maka wando, ya zazzage aljihu? Sha dai na daɗe da sani. Barin ne ban sani ba." Ta goge ido da gefen zani, ta ce warin banɗakin ne.

Ranar ta karɓe ledar maganin ta kulle a akwatinta. Kullum da safe take ba shi, sai ya buɗe baki ta duba. Nas ta ce taron sirri ne, don haka ta bar masa ɗakinta, ta koma tsakar gida. Amma can sai a ji ta ta taga: "Ka gaya wa direban nan ya tashi zaune, ana magana!"

Direban kuwa sai ya tashi.