Kujerar Bakin Ƙofa

Ina cikin buga wa ƙafar kujerar ƙusa ta uku sai matar Kawu ta leƙo shagona. Ta ce in hanzarta, ƙarfe huɗu ta kusa, kuma maigidan ya ce ba za a fara ba sai kujerar ta koma wurinta.

Kawu maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Da ya yi ritaya daga ɗakin gwaje-gwajen jami'a sai ya mai da falonsa wurin zumuntar ɗalibai Kirista. Kowace Laraba suna cika shi, su karanta Littafi Mai Tsarki, su yi waƙa, su sha shayi. Amma ba masu bi kaɗai ke zuwa ba. Na ga mai warin taba, na ga wanda ya ce a fili bai yarda akwai Allah ba, aka kuma miƙa masa kofi. Ni kafinta ne, da Littafin na koya wa kaina karatu, kuma na gaya wa Kawu ido da ido cewa gidan addu'a ba tashar mota ba ne. Ya yi dariya, ya ce shi ya sa Allah ya ajiye masa kafinta kusa, fasinja ba su san darajar kujera ba.

Dokarsa ɗaya ce. Kujera guda tana zama a bakin ƙofa, kuma duk wanda ya zauna a kanta ba a tambayarsa suna, ba a cewa ya miƙe a tafa masa kamar yadda ake yi wa baƙi a coci.

Wata biyu ke nan wani saurayi da suke kira Dogo yake zama a kanta. An kore shi daga jami'a saboda satar amsa, ya kasa komawa gida ya faɗa wa iyayensa. A wurina ɓarawo ne. Kawu kuwa ya ce mini in aka tsayar da shi gaban jama'a sau ɗaya ba za a sake ganinsa ba, kuma ba shi da wata ƙofar da zai shiga.

Ran nan na kai kujerar na tarar an fito da gadon Kawu falo. Ƙodarsa ta gaza, asibiti sun sallamo shi ya ƙarasa a gida. Ɗalibai sun cika har tabarma. Dogo ya shigo a ƙarshe ya zauna a kan kujerar. Ni ma na tsaya jikin bango, abin da ban taɓa yi ba cikin shekara goma sha ɗaya da aka yi ana taron.

Wani sabon fasto aka turo ya jagoranci addu'a, kuma ba wanda ya gaya masa dokar gidan. Ya buɗe da murmushi, ya ce baƙi su miƙe, kowa ya faɗi sunansa da sashen da yake karatu. Na ga hannun Dogo ya kai ga mariƙin ƙofa. Kawu ya motsa baki, murya ba ta fito ba. Sai ya kafa mini ido.

Na matso tsakiyar ɗaki.

"Ni ne baƙon, Fasto," na ce. "Kafinta, sashen katako. Shekara talatin ban gama ba."

Aka kwashe da dariya, aka tafa, fasto ya yi mini maraba ya buɗe Littafi. Dogo ya saki ƙofar. Da aka tashi na sunkuya in yi wa Kawu sallama, ya riƙe yatsana.

"Fasinja ya ƙaru," ya ce a hankali.

Ranar Juma'a da safe ya rasu. Ni na yi akwatin, Dogo na cikin waɗanda suka ɗauka.

Larabar da ta biyo, matar Kawu ta buɗe falon ƙarfe huɗu daidai. Dogo ya wuce ciki ya zauna kusa da ita, na ji yana cewa, "Mama, Asabar zan je gida in faɗa musu." Ta zuba masa shayi, ta zuba mini. Kujerar tana bakin ƙofa ba kowa a kanta, rana ta faɗo kan sababbin ƙusoshin nan uku.