Ulun da Baba Ciɗo ya Cire

Shekara shida da dawowata Tahoua ban taɓa piyano na gaskiya ba. Gyaransa na koyo a Faransa, shekara huɗu, na dawo na tarar babu ko ɗaya da zan gyara. Sai na buɗe rumfa ina gyaran keken ɗinki. Akwatin kayan aikina na tura shi ƙarƙashin gado.

Ran Alhamis da hantsi Safi, ɗiyar yayata, ta diro daga kabu-kabu tun bai gama tsayawa ba.

"Kawu Muktari, rufe rumfa. An kawo shi."

"An kawo mi?"

"Piyano. Babba, mai ƙafa uku. Yana gidan matasa."

Safi malamar lakwal ce, wato makarantar boko. Shekara bakwai tana koya wa kanta kiɗa a kan wani piyanon roba mai batir. Wata makarantar kiɗa a ƙasar waje ta yarda ta saurare ta bisa sharaɗi ɗaya: ta aiko da bidiyo tana kiɗa a kan piyano mai tsirkiya, kafin ƙarfe biyar na yammacin Juma'a. Ta riga ta fid da rai. Sai ga wani tsohon likita a Yamai, da zai koma ƙasarsu, ya ba gidan matasan piyanonsa kyauta. Motar da ta kai albasa ita ta dawo da shi tun ran Talata, sai yau labari ya iske Safi.

Na biya gida na jawo akwatin. Ban ko goge shi ba.

Piyanon yana tsakiyar zauren gidan matasan, baƙi wul, an ɗaga murfinsa. Na zagaya shi sau biyu kafin in taɓa. Katakon bai tsage ba. Tsirkiyoyin duk suna nan, babu tsatsa. 

"Danna," na ce wa Safi.

Ta danna maɓallai uku tare, ta ɗaga hannu. Muryar ta fito da kauri, ta cika zauren. Kuma ba ta tsaya ba. Ta danna wasu uku, suka hau kan na farko. Kafin ta kai layi ɗaya abin ya zama kamar an kifar da kwanukan amarya.

Na leƙa ciki. Kusan kowace tsirkiya tana da ɗan katako zaune a kanta, kamar tsawon ɗan yatsa, a bisa siririn ƙarfe. A ƙarƙashin katakon ake manna ulu mai laushi. In ka danna maɓalli, katakon ya ɗaga, guduma ta bugi tsirkiya. In ka saki, ya sauko, ulun ya kama tsirkiyar ta yi shiru. Birki ke nan. Piyanon nan yana da birki sittin da takwas, kuma dukansu tsirara suke. An kankare ulun tas, da wuƙa, aikin mai haƙuri.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne," in ji wani daga bakin ƙofa. Baba Ciɗo ne, mai gadin gidan, da butar shayinsa a hannu. Yana murmushi. "Kwana biyu na yi ina aikin. Ba sai kun gode ba."

"Baba, don mi?"

"Shekara talatin na yi ina dako a tasha, ɗana. Duk kayan da ya yi tafiya ana cusa mishi tsumma don kada ya fashe. In ya sauka a cire. Duba can." Ya nuna ɓangaren dama, wajen ƙananan muryoyi. "Can babu ko ɗaya. Sun cire na can, sun mance na nan. Ni na ƙarasa musu."

Gaskiyarsa, can babu. Maɓallai ashirin na ƙarshe ba a yi musu birki, domin tsirkiyoyinsu gajeru ne, muryarsu tana mutuwa da kanta. Ya duba, ya yi lissafi, ya kama aiki. Da a wata sana'ar ce da na yaba masa.

"Ina ulun?"

"Na ƙone da shara."

Safi ta zauna a ƙasa. Waƙar da za ta kaɗa tana da wani wuri a tsakiya inda komai ke tsayawa cak, a ƙirga huɗu, sannan a ci gaba. Wannan shirun shi ne waƙar. Sabon ulu kuwa sai an aiko da shi daga Turai, wata biyu in an yi sa'a.

A lokacin na lura da bakin butar Baba Ciɗo. An toshe shi da wani farin abu.

"Mine ne wancan?"

"Guda uku na rage. Suna hana ƙuda shiga."

Na karɓe su. Ɗaya mai tsagi ne a tsakiya, na manyan tsirkiyoyin hagu, wanda ke hawa kan tsirkiya ɗaya kamar mahayi. Ɗaya mai tsini, na shiga tsakanin tsirkiya biyu. Na ukun shimfiɗaɗɗe. Baba Ciɗo, ba da saninsa ba, ya ajiye mini samfurin kowane iri. Na matsa su tsakanin yatsuna, sai na tuna inda na taɓa jin irin wannan a hannu.

"Tashi, Safi. Kasuwa."

Hamisu baduku abokina ne tun muna lakwal. Yana ɗinka kayan doki. Na ce ya fito mini da zubuka, danƙararren ulun nan da ake shimfiɗa wa doki ƙarƙashin sirdi. Ya fito da uku. Biyu sun yi tauri. Ta ukun tsohuwa ce, wani mai doki daga Barmou ya kawo a sake mata baki, bayan doki ya tausasa ta shekara da shekaru.

"Wannan nake so."

"Ta mutane ce."

"Ka yi masa sabuwa."

"Bature, shekara huɗu ka yi a Faransa don ka zo ka yi wa akwati sirdi?"

Na ajiye masa samfurin nan uku a tafin hannu. Ya juya su, ya kai su kusa da ido. Sai ya ɗauki wuƙarsa ya goga a fata, ya yanko ɗan guntu, ya tsaga shi a tsakiya. Ya miƙo mini. Na jera shi da na asali. Na yi dariya da ƙarfi a tsakiyar kasuwa, har mai sayar da igiya ya waiwayo.

Ƙarfe biyu muka fara. Hamisu yana yanka a kan tabarma. Ni ina sossoke kowane guntu da allurar keke don ya ƙara laushi, in manna shi da danƙon fata, in sauke shi kan tsirkiya, in lanƙwasa ƙarfen har ya zauna daidai. Birki yana son ya tashi lokacin da maɓalli ya kai rabin hanya. In ya riga, maɓallin ya yi nauyi. In ya makara, guduma ta bugi tsirkiyar da ke a kame. Baba Ciɗo aka ba aikin dafa danƙon a kan gawayin shayinsa. Bai bar shi ya huce ba ko sau ɗaya.

Na farko da na gama, na danna na saki. Murya ta fito, ta tsaya. Safi ta yi guɗa, ita da ba ta iya guɗa ba.

Da la'asar sakaliya na ƙirga. Tara. Gidan ba a jona masa wuta ba tukuna, aikin kuma na hasken rana ne. Sittin da takwas ba za su yiwu ba. Na faɗa mata haka, ban ɓoye ba.

"Kawu," ta ce, "ai ba duka nake taɓawa ba."

Ta ciro alli daga jakarta ta lakwal. Ta bi waƙar a hankali daga farko har ƙarshe, duk maɓallin da yatsanta ya sauka ta ɗiga masa alli. Arba'in da huɗu. Taran da na gama duk suna ciki, domin daga tsakiya na faro.

Kafin magariba muna da goma sha bakwai. Washegari muna idar da sallar asuba muka dawo muka jira gari ya waye. Hannun Hamisu ya riga ya saba, yana yanka yana zagina. Zafin rana, wanda kullum nake tsine wa, shi ya riƙa busar da danƙon nan da nan. Ana kiran sallar Juma'a na manna na arba'in da huɗu.

Bayan masallaci na yi awa ɗaya ina ɗaure tsirkiyoyin da hanya ta sassauta. Ƙarfe uku da rabi Safi ta zauna. Ta kaɗa har wurin shirun, ta ɗaga hannu.

Ba a yi shiru ba. Wani gunji yana tashi daga hagu, ƙasa-ƙasa, kamar mota a nesa.

Laifina ne, kuma na san shi tun shekarar farko a makaranta. Tsirkiyar da ba ta da birki ba sai an buge ta ba. In 'yan'uwanta suka yi kuka, ita ma tana amsawa. Guda ashirin da huɗu muka bari a sake.

Safi ta dubi agogon wayarta, ta dube ni.

"Baba Ciɗo," na ce, "ba ni rawaninka."

"Rawanina?"

"Da almakashi, Hamisu."

Ya warware shi da kansa, shuɗin rawani ne. Muka tsaga shi tsawo-tsawo. Na bi tsirkiyoyin da ba su da alli ina saƙa ƙyallen tsakaninsu da bakin sukuddireba, ina cusawa har ya kama. Baba Ciɗo ya tsaya a kaina, kansa ba ko hula, hannuwa a baya.

"To," ya ce. "Ashe dai tsumma yake so."

"Riƙe wayar, Baba. Kada ka motsa."

"Shekara talatin ina ɗaukar madubi a ka. Ba ni nan."

Huɗu da minti goma ta fara. Na koma bakin ƙofa na hana kowa shiga. Ta bi layin farko, ta taka fedar ɗaga birki, birki arba'in da huɗu suka tashi tare kamar mutum ɗaya, suka sauka tare. Ta hau, ta hau, ta kai wurin. Ta ɗaga hannu.

Na ƙirga a zuci. Ɗaya. Biyu. Na ji tafasar butar shayi a tsakar gida. Uku. Huɗu. Ta sauko.

Ta gama, ba ta maimaita ba. Bidiyon ya ƙi tafiya daga zauren don waya ba ta kamawa sosai a can, sai da Hamisu ya goya ta a babur suka nufi bakin titi. Biyar saura minti goma sha biyu ta kira ni.

"Ya tahi, Kawu."

"To."

"To kawai?"

"Kin yi sauri a layi na uku."

Bayan sati uku suka rubuto mata. Sun ɗauke ta. A ƙarshen takardar wani malami ya ƙara tambaya, yana son ya san mene ne shuɗin abin nan da ake hangowa cikin piyanon.

Na saya wa Baba Ciɗo sabon rawani. Mai dokin Barmou ya zo ya karɓi sabuwar zubuka, ya ce tsohuwar ta fi. Ragowarta tana wurina. Saura birki ashirin da huɗu, yanzu na fara yin uku kowace safiya kafin in buɗe rumfa.