Awa Guda a Bakin Gada

Shin mutum yana iya manta abu da gangan? Na daɗe ina juya wannan tambaya a kan Lowell Haskins, kuma har yau ban sami inda zan ajiye ta ba. Abin da na sani shi ne, da safiyar wata Juma'a ta watan Yuli, yana riƙe da sitiyari a kan gadar kogin Apalachicola da ke jihar Florida ta Amurka, idonsa ya sauka a kan koren allon da ke tuna wa matafiya cewa daga nan zuwa gabas agogo yana gaba da awa guda. Ya karanta shi. Bai gaya wa kowa ba, ya ci gaba da tafiya.

Matarsa Arlene tana gefensa tana gyangyaɗi, taswira a buɗe bisa cinyarta. Mahaifiyarsa, tsohuwa Opal, tana kujerar baya ta miƙe ƙafa a inda jikarta Josie take zama. Agogon gaban motar ya nuna bakwai da kwata, lokacin gida, lokacin jihar Arkansas. Shekara goma sha ɗaya yana kai iyalinsa yawon hutun bazara a wannan mota, bai taɓa canza agogon nan ba, kuma bai yarda wani ya taɓa shi ba. Yakan ce duk inda mutum ya je, gara ya san ƙarfe nawa ne a gidansu. Wayoyinsu kuwa, waɗanda da sun gyara lokacin da kansu, suna kashe cikin akwatin gaban mota. Wannan ma dokarsa ce: in ana hanya, hira ake yi.

Ranar Lahadi suka kai 'yarsu Josie wani sansani. Mako guda ne na yara masu son harkar sararin samaniya, a gabar gabas ta Florida, kusa da inda ake harba rokoki. Shekararta goma sha biyar, kuma tun tana 'yar tara ta cika silin ɗakinta da taurarin takarda. Tun daga Arkansas take roƙonsa a kowane gidan mai ya ba ta tuƙi, tunda tana da takardar koyo kuma doka ta yarda in akwai babba a gefenta. Ya ce motar da suke ci da ita ce, ba ta koyo ba. Ya ce tunda kumbo za a koya mata tuƙawa, ta bar masa tasa.

Da suka doshi ƙofar sansanin, motoci masu sheƙi sun yi layi, sai ta ce daga baya a hankali, “Baba, ajiye ni nan ma ya isa. Zan ƙarasa da ƙafa.”

Bai tambaye ta dalili ba. Dalilin yana rubuce da jan fenti a ƙofofin motar: HASKINS, YASAR RAMIN MASAI, da lambar waya, da hoton wani ƙuda mai murmushi wanda ƙanin Arlene ya zana. Ya tsaya, ya sauke mata jakarta. Arlene da Opal suka raka ta cikin rana, shi ya zauna a mota injin yana aiki.

Daga nan ya zaɓi bakin tekun da za su yi hutu, tafiyar awa shida yamma, can bayan kogin, inda lokaci ya koma daidai da na gida. Arlene ta ce ai akwai na kusa. Ya ce yashin can ya fi fari. Kwana biyar bai ambaci maganar ƙofar ba, kuma duk lissafin lokacin da aka yi a zuwa, Josie ce ta yi shi.

Bikin sallama ƙarfe ɗaya na rana ne. Da suka tashi da shida na safe ya gaya musu za su isa sha biyu, har su sami awa guda ta shan iska. A kan gadar ya gane cewa wannan awar babu ita. In ya taka mota bai tsaya ko'ina ba sai shan mai, zai iya shiga zauren ana farawa. Duk wannan ya zo masa a sarari, kamar yadda lissafin zurfin rami yake zuwa masa. Sai kuma wani abu ya rufe shi, kamar an mayar da murfi.

Wajen ƙarfe goma a agogon mota suka ga rumfar mai dafaffiyar gyaɗa a bakin hanya, tukunya tana tururi. Opal ta ce rabonta da ita tun mijinta yana raye. Arlene ta dubi agogo ta ce akwai lokaci, ko ba haka ba, Baban Josie?

“Akwai,” in ji shi. Ya sa sigina ya sauka daga titi.

Rabin awa suka yi a wurin. Opal ta kama hira da mai gyaɗar a kan gishiri da ciwon gwiwa, ta gaya masa jikarta tana koyon zuwa wata, shi kuma ya ce in ta je ta duba masa ko ana noman gyaɗa a can. Lowell yana tsaye yana ɓare gyaɗa, ruwan gishiri yana bin hannunsa. Na tambaye shi daga baya me yake tunani a lokacin. Ya ce ba komai. Ya ce yana jin kamar akwai wani abu da ya bari a kan wuta, amma bai juya ya duba ba.

Ƙarfe ɗaya saura kwata a agogon mota suka shiga ƙofar sansanin, sai suka ga mutane suna fitowa. Yara cikin shuɗayen rigunan 'yan sama jannati suna ɗaukar hoto da iyayensu a gindin wata tsohuwar roka, wasu har sun fara loda jakunkuna. Arlene ta buɗe akwatin gaba ta kunna wayarta. Biyu saura kwata. Kira bakwai daga lambar sansanin.

Ta dube shi, ta dubi agogon, ta dafe baki. “Kogin,” ta ce. “Wayyo, Lowell, mun manta da kogin.”

Mun manta. Da kalma ɗaya ta raba laifin gida uku, shi kuma ya karɓi kasonsa bai yi musu ba.

A zauren ana tattara kujeru. Wata matashiya mai suna Renata, wadda ta kula da rukunin su Josie, ta tare su da fara'a irin ta wanda ya saba kwantar wa iyaye hankali. Ta ce kowace shekara sai agogo ya yi wa wani haka. Sannan ta yi musu bayanin al'adar wurin, ko da yake sun karanta ta a takarda: ranar farko ana manna wa kowane yaro ƙyallen sunansa a ƙirji a kife, haka zai yi yawo da shi mako guda, sai ranar sallama wanda yaron ya zaɓa ya hau dandamali ya juya masa shi daidai. Ta ce Josie sunan Lowell ta rubuta a matsayin wanda zai juya mata. Ta ce ita da kanta ta nemi ta juya mata, yarinyar ta ƙi.

“Kai ne Malam Haskins ɗin?” ta ce, tana girgiza masa hannu. “Ai an neme ka.”

Ta ba su labari. Ranar Laraba an saka rukunin cikin kumbon gwaji na awa uku, aka ƙirƙira musu matsala: bututun banɗakin kumbon ya toshe, ruwa yana komawa baya. Yaran da aka naɗa matuƙa duk suka rikice suna ta dariya. Josie ce ta bi zanen bututun da yatsa, ta ce a fara rufe na sama kafin a taɓa na ƙasa, ta gyara shi cikin minti shida. Da aka tambaye ta inda ta koya, ta ce aikin babanta ne, tun tana ƙarama take riƙe masa tocila. Yau shugaban sansanin ya ba da labarin a gaban kowa, ya ce mahaifin Josie Haskins ya miƙe a tafa masa.

“Mun ɗan jira,” in ji Renata. “Sai muka tafa hakanan.”

Josie tana zaune a bakin dandamali, jakarta a ƙasa, sunanta a kife. Ta rame kaɗan, rana ta ƙona mata hanci. Arlene ta rungume ta tana kuka tana ba da haƙuri. Opal ta miƙa mata ledar gyaɗa ta ce ga tsarabar da ta jawo duk wannan, ta ci ta huce, kuma ita dai ba ta ga wani wata da aka je ba, sai baƙin da rana ta sa aka yi. Josie ta yi dariya. Ta dubi mahaifinta ta girgiza kai.

“Baba da agogonsa,” ta ce. “Da na sani da na rubuta maka a bayan hannu.”

Da ta yi fushi da ya fi masa sauƙi. Ya ɗauki jakarta ya ce bari ya kai mota. Opal ta kama hannun Arlene ta ce ta raka ta banɗaki, amma kafin ta juya ta yi wa ɗanta wani kallo. Ita ce ke kujerar baya a kan gadar, kuma ba barci take yi ba. Ko ta ga allon, ko ƙeyarsa kawai ta gani ta gane, ban sani ba.

“Kai da kai kamar dutse,” ta ce masa ƙasa-ƙasa. “Ubanka sak.”

Josie ta bi shi zuwa wurin ajiye motoci. A can ƙarshe ya ajiye motar, bayan wata bas, inda ba mai ganin ƙudan. Ya jefa jakar a baya, ya tsaya yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara. Tana ba shi labarin wata kujera mai juya mutum ta ko'ina, da wata yarinya 'yar jihar Ohio da ta yi amai a ciki.

“Na ga allon,” ya ce.

Ta katse labarin, ta dube shi.

“A kan gadar. Na karanta shi. Bayan nan na tsaya sayen gyaɗa.”

“Ka gani?”

“Na gani.”

“To me ya sa ka tsaya?”

Ya ce bai sani ba. Ya ce bai zauna ya shirya ba, bai ce a ransa bari in ƙi zuwa ba. Amma ba zai iya rantsuwa cewa mantuwa ce ba. Ya ce wataƙila mutumin da aka bari a bakin ƙofa ranar Lahadi ne yake tuƙin, shi kuma ya ƙyale shi.

Ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. Bas ɗin da ke gabansu ta tayar da inji, ta fice, motarsu ta fito fili. Ta ce ita ma ta san abin da ta yi ranar Lahadi, kuma kwana uku tana neman yadda za ta gyara. Ta ce ta ɗauka yau ce ranar.

Ya miƙa hannu zuwa ƙyallen da ke ƙirjinta. Ta ja da baya taku ɗaya.

“A'a, Baba. Ba a wurin ajiye motoci ake yi ba. An riga an gama.”

Ya mayar da hannunsa. Gaskiyarta ce. Akwai abin da in awarsa ta wuce, ko ka mayar da agogo baya ba ya dawowa. Suka tsaya haka cikin zafi har suka hango Arlene da Opal suna tahowa a hankali tsakanin motoci.

Lowell ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli. Bai miƙa mata ba, ya ɗora shi a kan murfin injin, ya zagaya ya buɗe ƙofar dama, ya zauna a kujerar da bai taɓa zama a kanta ba tun da ya sayi motar. Gwiwoyinsa suka tokare akwatin gaba.

Josie ta daɗe tana kallon makullin kafin ta ɗauka. Ta shiga, ta jawo kujera gaba, ta gyara madubi. Arlene ta buɗe baki za ta yi magana, Opal ta tura ta baya ta ce ta shiga kawai, in mutuwa ce ma ai gara a hannun 'yar sama jannati.

Motar ta yi tsalle sau ɗaya, sannan ta daidaita. Hanyar fita ta bi ta gindin rokar, inda sauran yaran suke tsaye da iyayensu. Josie ta sauke gilashi, ta danna ham sau biyu, ta ɗaga wa yarinyar Ohio hannu ta saman jan rubutun da ƙudan. Sunanta yana nan a kife.

A bakin ƙofa, suna jiran hanya ta buɗe, Lowell ya sunkuya ya lalubi maɓallan agogon. Bai san wanne ne ba, sai da ta nuna masa da haɓa. Ya danna, ɗaya da rabi ta koma biyu da rabi.

“Gida fa za mu,” in ji Opal daga baya. “Nan da yamma sai ka sake canza shi.”

“Na sani,” ya ce. Ya dubi hagu, ya dubi dama. “Babu mota, Josie. Shiga titin.”