Sunan da Ma'u Ba Ta Faɗa

Tun da Ma'u ta daina shan ƙwayoyinta, hannunta ya daina jin maganarta. Da safiyar nan ludayi ya kuɓuce mata cikin tukunyar koko, ta ɗauko, ya sake kuɓucewa. Mijinta Shu'ibu yana tsugune a ƙofar ɗaki yana ɗaure goro da sabulun da za su kai wa uwarsa tsaraba. Ya ɗago kai.

"Ke, lafiya?"

"Zazzaɓin damina ne, Malam. Ya kusa sakina."

Ya yarda. Shu'ibu mutumin kirki ne, amma irin mutanen kirkin nan da in an ce musu lafiya lau sai su gode wa Allah su ci gaba da abin da suke yi.

Abin ya samo asali ne shekara biyu baya, da Ma'u ta haifi 'yarta ta fari. Ana tsakiyar wankan jego barci ya ƙaurace mata, ta fara jin ana kiranta daga bayan danga, ta ce an canza mata jaririya. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, daga baya aka sa ta a jirgin ƙasa daga Malam Madori zuwa asibiti a Kano. Da yake marainiya ce, uwar mijinta, Hajja, ita ta ɗauki jaririyar ta haye da ita ƙauyensu a hayin kogi. Ma'u ta dawo Haɗejia bayan 'yan watanni da hankalinta tas, da kwalbar ƙwayoyi, da kashedin likita cewa ko ta ji garau kada ta kuskura ta tsayar da su kwatsam. Duk wata takan je ɗakin magani malamin asibiti ya cika mata kwalbar.

Hankali ya dawo, 'ya ba ta dawo ba. Kuma ba ta da bakin tambaya. A gidansu, kamar gidan kowane Bafulatanin da ya san kansa, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da zamansa. Sunan yarinyar Yelwa, amma Ma'u ba ta taɓa barin kalmar ta fito daga bakinta ba. "'Yar Hajja" take cewa, ko "waccan". Mutane suna yaba mata kunya, ita kuwa tana kwana da kewar 'yarta ta tashi da ita.

A wani gidan suna ne ta ji abin da ya sa ta wannan aika-aika. Tana bayan ɗaki tana wanke kwanoni, wata ta tambayi Hajja yaushe za ta mayar da yarinya. Hajja ta ce, "Mai haɗiyar ƙwaya safe da yamma ai ba ta warke ba. Ranar da ta daina, na san ta warke." Tun daga washegari Ma'u ta riƙa jefa ƙwayoyin cikin kwanon ƙasa na jerenta. Ta ce wa Shu'ibu likita ya sallame ta, shi kuma ya aika wa Hajja da murnarsa. Hajja ta aiko cewa su zo su ɗauki 'yarsu.

Kwanakin farko ta ji wasai, har ta yi wa kanta dariyar tsoron da ta daɗe tana yi. Sannan jiki ya tashi. Gumi ya riƙa karyo mata ko da an yi ruwa an ɗauke. Ƙanshin daddawa ya zama abin tayar mata da zuciya. Ƙafafunta suka ƙi zama wuri ɗaya, barci ya zama sai dai ta ɗanɗana. Mafi muni shi ne faɗuwar gaba: ba abin da ya faru, kaza ce ta tsallake turmi, amma ƙirjinta sai ya buga kamar an zo mata da saƙon mutuwa. Ta koya wa kanta dabaru. In abin ya taso sai ta tsoma ƙafa a ruwan randa, ta yi ta hasbunallahu har numfashi ya daidaita. In kuwa da mutane, sai ta jawo kaba ta kama saƙar tabarma, don hannun da ke aiki ba a ganin rawarsa. Tabarmin da ta saƙa a kwanakin nan sun fi na wata uku.

A bakin kogi ba kaba, ba randa. Bana ruwa ya cika ya batse, ya shanye fadama har sai kan shinkafa da rassan giyayya ake hange. Da mai fito ya tura kwalekwale ta ji duniya ta karkace. Ta dafe katako da hannu biyu, ta kafa ido a kan yatsun ƙafarta, tana ce wa kanta yau kaɗai, yau kaɗai za ta daure.

Hajja ta tarbe su a tsakar gida, doguwar tsohuwa mai idon da ba ya ƙyale komai. Ma'u ta durƙusa ta gaishe ta. Hajja ta amsa, ta dubi ɗanta a kaikaice ta ce, "Kai, kun sha ruwa a hanya?" Shu'ibu ɗan farinta ne, ita ma ba ta faɗin sunansa.

Sai ga yarinyar ta fito daga bayan rumbu, da jigida a ƙugu, tana jan zanen Hajja tana cewa "Inna". Ma'u ta sunkuyar da kai yadda ya kamata. Amma ta gani. Ta ga goshin nan irin nata, ta ga ɗan tabo a gwiwa da ba ta san yadda aka yi ya samu ba, kuma wannan rashin sanin ya yi mata zafi fiye da komai.

"Ungo fura," in ji Hajja, ta miƙo ƙwarya cike taf.

Ma'u ta san in ta karɓa a sama sai ta zubar. Ta ce, "A ajiye, Hajja, sai na huta." Hajja ta ajiye, amma ta daɗe tana kallonta.

"Kin rame."

"Zazzaɓi na yi."

"To, Allah Ya sawwaƙe."

Bayan la'asar aka rako su mashigi. Matan gida da maƙwabta suka biyo, kowace da abin da za ta ce a kan yadda yarinya ke son kunu da yadda take tsoron akuya. Hajja ta sauke Yelwa daga baya don ta nuna wa Shu'ibu inda za a sa buhun shinkafar da ta ba su. Aka shiga gardama da mai fito a kan nauyi. Yaran ƙauye suna ta tsalle a bakin ruwa.

A nan abin ya taso wa Ma'u, ya fi na kullum. Kunnuwanta suka toshe, harshenta ya bushe, muryoyin matan suka koma can nesa. Da ma tsoron nan ba ya barin idonta ya huta, ko'ina sai ya leƙa. Can gefe, bayan ciyawa, akwai wani tsohon kwalekwale da ba kowa a ciki. Ta ga yarinya mai jigida ta hau shi, tana takawa zuwa ƙarshen da ya leƙa zurfi, tana bin wata agwagwa.

Ta tsaya cak. Shin da gaske ne? Wancan karon ma ai ta ga abubuwa, ta rantse da Allah ta gan su, aka ce ba su nan. In ta yi ihu alhali yarinyar tana bayan zanen Hajja, shi ke nan, ta tabbatar wa kowa. Ta waiwaya ta dubi gefen Hajja. Ba kowa.

"Waccan," ta ce, muryar ba ta fita ba. "Malam, waccan... 'yar..."

Ba wanda ya juyo. Yara sun fi goma a wurin, wace ce waccan? Kwalekwalen ya fara lilo, yarinyar ta ɗora ciki a kan baki ta miƙa hannu.

"Yelwa!"

Ihun ya tsaga mashigin. Yarinyar ta juyo a firgice, ta yi taga-taga, ta faɗa ruwa ta gefe. Ma'u ba ta san lokacin da ta shiga ba. Laka ta riƙe mata ƙafa, ruwa ya kai mata ƙirji, ta lalubo ta cafko jigida, ta ɗago yarinyar tana tari tana tsala kuka. Shu'ibu ya iso ya jawo su bakin gaɓa.

Aka yi tsit, ban da kukan yarinyar. Ma'u tana tsaye zane ya manne mata, jikinta na kaɗawa yadda ba tabarmar da za ta ɓoye shi, haƙoranta na haɗuwa, ta ƙanƙame 'yarta a gaban kowa. Sai wata daga baya ta ce ƙasa-ƙasa, yadda dai kowa zai ji, "Kun ji ta kira sunan? Wallahi ciwon ya tashi." 'Yar mutane ta kusa nitsewa a gabansu, amma abin da ya tsaya musu ke nan.

Hajja ta matso. Ba ta karɓi yarinyar ba, hannun Ma'u ta kama ta juya shi, tana kallon yadda yake rawa.

"Wannan ba sanyin ruwa ba ne. Tun a gida na gani. Gaya min gaskiya, likita ne ya ce ki daina maganin?"

Ma'u ta san in ta ce e, wataƙila a bar ta ta tafi da 'yar. Ta kuma tuna ludayin safe, ta tuna rijiyar gidansu da wutar murhu, da hannun nan da ba ya riƙe komai. Tsoro ya kama ta, na gaske wannan karon.

"A'a, Hajja."

"To wa ya ce?"

"Ke kika ce. Kin ce ranar da na daina, kin san na warke." Hawaye suka zubo mata. "Ina son 'yata, Hajja. Ban san yadda zan faɗa ba."

Shu'ibu ya ce, "Innalillahi." Hajja ta saki hannun Ma'u. Ta ɗan dubi ɗanta, wanda ita ma aka ɗauke mata shi ranar yaye ba ta ce uffan ba, sannan ta kawar da kai.

"Sakarya," ta ce wa Ma'u. "Maganar tsohuwa a bayan ɗaki za ki bi ki kashe kanki? Juya."

Ma'u ta juya. Hajja ta karɓi yarinyar ta ɗora mata a baya, ta kwance majanyinta ta miƙa. Ma'u ta kama bakin majanyin ta kasa ƙullawa, ta sake gwadawa ta kasa. Hajja ta ture hannunta ta ɗaure da kanta, tamau. Sannan ta tattare zane ta shiga kwalekwalen fito, ta zauna kusa da buhun.

"Mairam, ki ja min ƙofar ɗaki, ki ba awaki dusa," ta ce wa ɗaya daga cikin matan. "Gobe ni zan raka ta wurin malamin asibiti. Ku kuma masu baki, ku je ku faɗa."

Mai fito ya dasa gora ya tura. Ruwan bai ragu ba, faɗuwar gaban ma ba ta tafi ba. Yarinyar tana ta miƙa hannu baya tana kiran Inna, ba Ma'u take nufi ba. Hajja ta dafa goyon da tafin hannu ta riƙe. Ma'u ta dafe katako, ta ji ɗumin cikin yarinyar a gadon bayanta, ta juya kai kaɗan.

"Yi shiru, Yelwa," ta ce.

Hajja ta ji, ta ci gaba da kallon ruwa.