Harbi a Gonar Malam Datti

Duk Bunkure an san Malam Datti da abu biyu: ya je yaƙin Bama tun zamanin Turawa, kuma ba ya sa loma a baki sai ya ga kowa a gidansa ya ci. Shi ke ɗaukar jika a wuya har bakin kanal ɗin ban ruwa, ya dawo ya faskara wa matarsa Barira itace kamar ba shi da 'ya'ya. Labarin yaƙi kuwa, ko ka matsa masa, sai ya ce daji ne da ruwan sama, shi ke nan.

Abu ɗaya ya hana a gonarsa, ƙara. Da ruwan madatsar Tiga ya iso aka koma noman alkama da rani, tsuntsayen jan-baki suka sami wurin zama. Kowa na buga garwa, wasu na tashin bindigar toka. Shi Datti sai ya ja igiya ya ɗaura tsummoki, ya wuni a rana yana girgizawa. Tsuntsayen ma sun raina shi, balle samari.

Abin ya dami Maharazu, babban ɗansa, don abokai sun ishe shi da tsiya, wai soja guda yana yaƙi da tsumma. Wata safiya, alkama ta fara nuna, ya aro bindiga wurin wani maharbi, ya laɓaɓa bayan tsohon, ya ɗaga sama ya danna. Ko gyaran murya bai yi ba.

Tsuntsaye sun tashi kam. Amma Datti ya faɗa kwatar ruwa rub da ciki, ya rufe kai, yana kiran sunayen wasu mutane da ba wanda ya taɓa ji, yana ce musu su kwanta. Manoman da ke kusa suka bushe da dariya. Maharazu ma ya dara, kuma wannan dariyar ce daga baya ta fi cin ran shi Maharazun.

Tsohon ya fito da taɓo har gemu, ya nufi gida bai dubi kowa ba. Bai sake taka gonar ba, bai kuma canza wa ɗansa fuska ba. Kullum da yamma sai ya tambaye shi ko ruwa ya kai ƙarshen gona. Maharazu ya sha ɗaura niyyar durƙusawa ya nemi gafara, sai ya ce bari a gama girbi, sai ya ce bari a yi salla. Kunya ce, da wani banzan girman kai.

Damina na faɗuwa zazzaɓi ya kwantar da Datti. Maharazu yana garin Kura wajen neman taki aka aiko masa. Ya tarar har an yi wa gawar wanka.

Kafin a fitar da gawa, Barira ta tara 'ya'yan a ɗaki kamar yadda aka saba, kowa ya yafe wa mamaci. Ƙannen suka yafe suna kuka. Maharazu ya kasa buɗe baki, don shi ne mai neman yafiya, ga wanda zai roƙa a naɗe cikin likkafani.

Barira ta ɗauka taurin zuciya ne. Ita da ko sunansa ba ta kira saboda ɗan fari ne, yau ta matso ta kama hannunsa.

"Da kai ya fi damuwa," in ji ta. "Ya ce a roƙe ka. Wai ya kunyata ka a gaban abokanka ran nan a gona, ya kuma kasa duban idonka ya faɗa. Ka yafe masa, ana jira a waje."

Ana jiran kuwa. Maharazu ya ce, "Na yafe," aka shigo aka ɗauki makara.