Yaƙin Wake da Masara

Daren jiya wani mafarki na yi, kuma na san abin da ya jawo mini shi, don haka bari in fara daga nan.

Tun da aiki ya kawo ni Dutse, mutum uku kaɗai ke taka ƙofata: Nazifi, Mudassir da Ɗanjuma. Abin da ke kawo su kuwa wasan labari ne da muke yi duk Asabar a teburin barandata. Kowa da jaruminsa, marfin kwalba ke tsaya masa a kan tebur. Mutum ɗaya ke jan labarin, in jarumi zai yi abu mai haɗari sai a jefa ƙwayar lido, abin da ta nuna shi ne hukunci. Wanda ya saba ja mana wasan aka yi masa canjin wurin aiki, ni kuma da rawar kai na ce zan iya. Asabar da ta wuce na shirya musu yaƙin da ba su taɓa gani ba. Na juye mudun wake a dama, mudun masara a hagu, na ce ga runduna biyu, na kuma dage sai na jefa wa kowane soja ƙwayarsa, wai don a yi adalci. Nazifi ya yi barci. Mudassir ya fita amsa waya, har yau bai gama amsawa ba. Ɗanjuma ya daure har magariba, sannan ya ce, "Sagir, ni yaushe zan yi wani abu ne?" Na ce ya bari in gama da ɓangaren hagu. Ban kwashe teburin ba, kuma duk makon nan babu wanda ya ce zai dawo.

To, a mafarkin sai ga ni tsaye a kan teburin nan, amma ya yi faɗi har ba a hango ƙarshensa. Wake a dama, masara a hagu, kowane soja tsawona, da mashi da garkuwa. Babu mai motsi. A tsakiyar filin daga akwai ofis, bango ɗaya da fanka, wata akuya mai tabarau na zaune a ciki.

"Kai ne mai jan wasa?" in ji ta.

"Ni ne. Amma sabo ne."

"Ai an gani. Ga layi can."

Na juya na ga duk rundunonin biyu sun bi layi ɗaya, abokan gaba a bayan juna, cikin ladabi. Doka ce a ƙasar: babu mai sara, babu mai mutuwa, sai na jefa masa ƙwaya. Na tambayi akuyar wane marar tausayi ne ya kafa wannan doka. Ta dube ni ta saman tabarau.

Ƙwayar lidon ta kai girman tukunyar biki. Da ƙyar na cicciɓe ta na jefa, sai ta yi sama maimakon ƙasa, domin a lokacin ruwa ya sauko, kuma ruwan can daga ƙasa yake tsattsafowa ya nufi gajimare. Sojoji suka buɗe lema suka tsaya a kanta. Ni da ban zo da lema ba, wandona ya jiƙe tun daga ƙafa, hulata kuwa ko ɗigo. Muka tsaya muna jiran ƙwaya ta dawo.

Wani wake mai furfura ya matso. "Ranka ya daɗe, na mutu ne ko ban mutu ba? Mai ɗakina na son ta san ko ta ɗora sanwa da ni."

"Ka ɗan jira."

"Tun kaka nake jira."

Kusa da shi wani sojan masara ya ɗaga mashi zai soke shi tun safe, hannunsa ya gaji, waken ne ma ya tallafa masa gwiwar hannu. Suna hira a kan tsadar taki.

Sai kuma na ga ina can wani gefen, ban san yadda na je ba. Daga nesa na hango duwatsu uku a bakin duniya. Da na ƙura ido sai na ga kujerun robana ne, abokaina kuma na zaune a kai, kawunansu cikin gajimare. Tsawar da nake ji tun ɗazu ashe munsharin Nazifi ce. Mudassir na riƙe da waya mai girman ƙofar gari. Na yi murna ƙwarai, har na ji hawaye. Na ƙwala musu kira, amma murya a ƙasar a kaikaice take tafiya, sai ta faɗa ofishin akuya.

"Ba na nan," in ji ta.

Na kama hanya zan je wurinsu da ƙafa. Duk waken da na gifta sai ya riƙe mini riga, sai na jefa masa tasa. In na jefa wa ɗaya, biyu su tsiro a bayansa. Can sama na ji muryar Ɗanjuma, a hankali, ba faɗa, ba fushi.

"Sagir, ni yaushe?"

Na buɗe baki zan ce yanzu-yanzu, sai na ji bakina ya ce, "Bari in gama da ɓangaren hagu." Ban taɓa jin haushin bakina irin na lokacin ba.

Daga nan sai ga ni a ƙarshen layi, a inuwar filas ɗin shayi. A nan na tarar da murafen kwalba uku, jaruman abokaina, waɗanda saboda su aka ƙirƙiri duniyar gaba ɗaya. Maharbin Nazifi ya ɗaura igiyar bakansa tsakanin masu biyu yana shanya. Maƙerin Mudassir ya mai da maƙera wurin soya ƙwai. Ɓarawon Ɗanjuma kuwa, wanda ya taɓa sace zobe daga yatsan aljani, yana zaune ya rafka tagumi.

"Ko layi na so in sata," ya ce, "aka ce sai ka jefa."

"Yanzu zan jefa muku. Ku ne na gaba, wallahi."

"A'a, malam, kada ka ɓata adalcinka," in ji maharbin, yana kwashe shanya. "Mun riga mun nemi canjin wurin aiki."

"Zuwa ina?"

"Gidan kallon ƙwallo. Can ko ba ka buga ba, ana barinka ka yi ihu."

Suka mirgina a kan gefensu, ƙarar-ƙarar, suka nufi bakin tebur. Na bi su da gudu, amma gudu a ƙasar baya yake mai da mutum, sai na tsinci kaina a ofis ina haki.

Na ce wa akuyar, "Don Allah, hajiya, yaya ake gama yaƙi?"

"Yaƙin na waye?"

"Na wake da masara."

"To, su zo su zauna a kujerun mana."

Na waiwaya. Duwatsun nan uku suna nan, amma babu kowa a kai. Tsawa ta yi shiru. Ruwa ya gama hawa sama, filin ya bushe ƙaƙas, dubban sojoji suka zuba mini ido suna jiran in ce wani abu. Ban taɓa zama cikin taro mai yawa haka ba, ban kuma taɓa jin kaɗaici irin wannan ba. Duk cikinsu babu wanda zai yi dariya in na kwaikwayi muryar tsohon sarkin cikin labarinmu, babu wanda zai yi mini gardama, babu mai cewa a ƙaro shayi.

A nan ƙwayar lidon da na jefa tun farko ta faɗo. Ta tsaya a gabana, duk fuskokinta fari fat, babu ɗigo ko ɗaya.

Akuya ta cire tabarau, ta naɗe shi a hankali, ta fito daga ofis. "Mu dai a nan ga yadda muke yi," ta ce. Ta sunkuya ta fara da ɓangaren hagu. Ƙurus. Ƙurus. Sojojin ba su gudu ba, wasu ma har godiya suke yi.

Ƙurus ɗin nan ne ya tashe ni. Gari ya waye, ƙarar kuma daga baranda take fitowa. Na leƙa na ga akuyar maƙwabciyata ta ɗora ƙafafun gaba a kan kujerar Ɗanjuma, ta cinye rabin masarar, ta juya kan wake. Na ɗauki takalmi zan jefe ta, sai na fasa. Duk makon nan ita kaɗai ta zo teburin.

Na ja kujera na zauna ina kallonta har ta gama. Ta shinshina murafen kwalban nan uku, ta ga ba abin ci ba ne, ta bar mini su a tsakiyar tebur ta yi gaba. Yau Asabar. Na goge teburin, na ɗora ruwan shayi na mutum huɗu, na bar ƙofa a buɗe.