Jinin Na'omi a Hannun Rabi

An ce wanzami ba ya son jarfa. Duk mai musun haka, da ya je asibitin da Na'omi ke aiki a Maraɗi lokacin da aka kawo wa ma'aikata allurar rigakafin ciwon hanta. Mutanen da ke wuni suna tsira wa 'ya'yan jama'a allura suna cewa "yi haƙuri, cizon sauro ne", su ne suka koma bin bayan gini don kada su yi ido biyu da Majo Idirisa, shugaban ma'aikatan jinya, wanda ya kafa tebur a baranda ya ɗora akwatin sanyi a kai kamar mai tallar ƙanƙara.

Ba tsinin allurar suke gudu ba. Ƙa'idar da asibitin ya sa ita ce sai an ɗebi jinin mutum an duba tukuna. In babu cutar a yi masa rigakafi, in akwai ya ga likita. To a nan gizo ke saƙar, domin a asibiti kowa ya san kowa, kuma sirri ba ya kwana.

Na'omi ungozoma ce 'yar garin Tsibiri da ke kusa da Maraɗi, ɗan kabu-kabu ke kawo ta a babur kowace safiya. Ta daɗe a ɗakin haihuwa har jariran da ta karɓa sun fara kawo mata matansu. Ba ta da gida a Zariya, unguwar masu hali ta Maraɗi, ba ta da mota, abin taƙamarta a duniya ɗaya ne: mace ta taso daga ƙauye da naƙuda, tun daga ƙofa tana cewa a kira mata Madam Na'omi. Ga ta da faɗa, amma faɗan mai gaskiya, shi ya sa da ta ga ƙananan ma'aikata na laɓe-laɓe ta tare su.

"Ku da kuke wuni cikin jinin mutane, ku ne za ku guji rigakahi? Kunya ba ta kama ku?"

Mansura, wata ƙaramar ungozoma da ke ƙarƙashinta, ta sunkuyar da kai. "Tanti, in an duba anka gani hwa? Gobe duk gari ya ji."

"Wa zai hwaɗa? Rabi ce a labo. Cikin Rabi rijiya ne, abin da ya hwaɗa ba shi hitowa."

Na'omi ba da ka ta faɗi haka ba. Rabi, mai gwajin jini a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, 'yar garin Jiratawa, ƙawarta ce tun suna sababbin shiga aiki. Kowace rana matan sashen kan zauna a gindin bedi, wato itacen dogon yaro, su ci abinci a faranti ɗaya, kuma su biyun nan suka ƙirƙiro al'adar: Rabi ta kawo zogalen lambun gidansu, Na'omi ta kawo dambun gero, a kwaɗa, kowa ta sa hannu. Da sallar layya cinyar rago kan je Tsibiri, da Kirsimeti shinkafa da kaji kan je Jiratawa. Duk 'ya'yan Rabi a hannun Na'omi suka faɗo duniya. Saboda haka a gaban kowa ta naɗe hannun riga, ta miƙa wa Rabi dantse, tana yi wa yaran dariya.

Washegari Rabi ta kira ta labo, ta tura ƙofa.

"Ƙawa, akwai ta."

Na'omi ta nemi kujera ta zauna. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Ta tuna allurai nawa suka soke ta a tsawon aikinta, ta tuna lokutan da safar hannu ta ƙare aka karɓi haihuwa haka nan. Da bakinta ya buɗe, ba maganar mutuwa ta yi ba.

"Rabi, amana. In mata sunka ji, ba wadda za ta sake yarda in taɓa ta."

Rabi ta dafa ƙirji, idonta ya kawo ruwa. "Haba ƙawa. Daga ni sai ke sai Allah."

Likitan da ya duba ta ya kwantar mata da hankali. Ya ce hantarta lafiya lau take, cutar kwance take, za a riƙa bibiya, kuma ta kawo mijinta Barnaba da yara a duba su. Ya ce ta ci gaba da aikinta da safar hannu kamar kullum. Ya ƙara da abin da ita ma ta sha gaya wa mutane, cewa ba a ɗaukar cutar ta cin abinci tare ko ta gaisawa. Ta fito da ɗan ƙarfin gwiwa, har ta tsaya ta sayi ƙuli-ƙuli na kwaɗon rana.

Kwanaki kaɗan aka yi. Wata rana ta iso gindin bedi ta tarar an riga an zuba abinci, mata sun kewaye faranti, a gefe kuma ga wani ɗan kwanon roba an rufe shi da murfi, da cokali a kai.

"Na wa ne wanga?"

Babu wadda ta ɗago. Can Mansura ta ce, a hankali, "Naki ne, Tanti. An ce ki huta da miƙa hannu."

Na'omi ta dubi Rabi. Rabi ta duƙufa tana tsince tsinken zogale, kamar ranar aka ɗauke ta aikin. Moɗar da suke sha da ita tare ma an kawo ta biyu. Ba sai an yi wa Na'omi fassara ba. Ta ɗauki kwanon, ta ajiye shi a gaban Rabi ba tare da ta buɗe ba, ta koma ɗakin haihuwa da yunwarta.

Da yamma ta same ta a labo.

"Mi kika hwaɗa musu?"

"Wallahi ban ambaci sunan cuta ba. Cewa kawai na yi gara kowa ta riƙa kula, mu raba miki naki."

"Ke da ke gwada jini, ba ki san ba a ɗaukarta a kwano ba?"

"Na sani, ƙawa. Amma sani daban, zuciya daban. Ina da ɗiya ƙanana. Kuma da na yi shiru wata ta kamu, mi zan ce wa Allah?"

"Da kin ce miShi kin riƙe amana."

Rabi ta fara kuka, kukan da ya ƙara ɓata wa Na'omi rai, don wanda ya yi yankan ne ke kuka, wanda aka yanka yana tsaye. Da a ce maƙiyi ne ya yi mata haka, da ta san zagin da za ta yi. Amma wannan ita ta kai mata jinin da ƙafarta, ita ta yabe ta a gaban yara. Ta juya ta fita.

Teburin Majo Idirisa kuwa, wanda ya fara samun mutane bayan Na'omi ta buɗe hanya, ya koma wayam. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce rigakafin kyauta ne, a waje kuwa sai mai hali. Wani ma'aikacin ɗakin tiyata ya ba shi amsa a gaban kowa: "Majo, mun ga abin da ya samu Tanti Na'omi. Ka bar mu da rashin saninmu." Na'omi na wucewa ta ji. Ta so ta tsaya ta ce musu wauta ce, cutar ba ta jiran mutum ya sani, amma da wane baki?

Duk da haka ta riƙe abu ɗaya. Ta ce a ranta maganar ta tsaya a gindin bedi. Su ci farantinsu, ita dai a bar mata ɗakin haihuwa.

Wata safiyar Laraba mota ta kawo mai naƙuda daga Jiratawa. Balkisu ce, ƙanwar Rabi, haihuwar fari, tare da mahaifiyarsu Inna Tsahara. Na'omi ta san yarinyar tun tana rarrafe. Ta manta da fushin da take yi, ta wanke hannu, ta zura safa, ta shigo da fara'a.

"Sannu Inna. Ki kwantar da hankalinki, ɗiyarki ta zo gida."

Tsohuwar ta miƙe ta tsaya tsakaninta da gadon. Ba ta iya haɗa ido da ita ba.

"Na'omi, ɗiyata, kada ki ji haushi. A kira wata."

"Wata, Inna?"

"Rabi ta ce ba ki da lahiya. Ta ce mu nemi yarinyar nan Mansura."

Ashe maganar ta hau mota ta je Jiratawa ta dawo. Na'omi ta dubi Balkisu, wadda ke murƙususu tana cije leɓe, ko za ta ce wani abu. Balkisu ta juya fuska bango.

Na'omi ta cire safar a hankali ta jefa a kwandon shara. Ta kira Mansura, wadda ba ta taɓa karɓar haihuwar fari ita kaɗai ba. Sannan ta fita ta tsaya bayan labule.

Daga nan ta yi aikin da baki. "Duba bugun zuciyar ɗan. Kada ki bari ta yi nishi yanzu, lokaci bai yi ba. To, yanzu. Tare kan da tahin hannunki, kada ki ja. Laluba wuyan, akwai cibiya? Zare ta ta saman kai, sannu-sannu." Hannuwanta na motsi a iska suna yin duk abin da take faɗa. Can jariri ya tsala kuka, Inna Tsahara ta rangaɗa guɗa.

Rabi ta taho da gudu daga labo. Da ta ga Na'omi a bakin labule sai ta ja birki, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Ƙawa..."

"Namiji ne," in ji Na'omi. "Barka. Ki ce a yi mishi rigakahin hanta yau ɗin nan, kada a kai gobe."

Rabi ta miƙo hannu za ta kama nata. Na'omi ta mayar da hannuwanta bayanta.

"A'a, Rabi. Jariri za ki ɗauka."

Ta matsa gefe ta ba ta hanya.